Wa Ya Tsaya Maka? Labarin Wani Falken Aya Na Gazawa Da Injin Bincike

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram ya san cewa in an wuce Caduwa da Agiye, kafin a kai Tasawa, sai an ratsa Gazawa. In lokacin haƙar aya ne matafiyi zai hango hayaƙi yana tashi daga gonaki inda aka ƙone ganyen, ga kuma mata da yara sun duƙufa suna tankaɗe rairayi don su fid da ƴaƴan. A wannan gari akwai wani Alhaji wanda ya ba shekara 60 baya, wanda kuma ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana sayen aya tiya-tiya daga hannun manoma, ya cika buhuna, ya sayar wa masu kai ta Katsina da kasuwar Dawanau ta Kano, ko masu gangarawa da ita bakin teku.

Alhajin nan ya daɗe da sanin cewa ayarsa ba ta tsayawa inda ya sauke ta. Wani direban babbar mota ne ya fara gaya masa cewa a birnin Balansiya na ƙasar Sifaniya ana jiƙa aya, a niƙa, a tace, a yi wani abin sha mai kama da kunun aya, kuma abin da manomansu ke nomawa ba ya isarsu, sai sun haɗa da ta Afirka ta Yamma. Tun ran da ya ji haka lissafi ya hana shi sakat. Tsakanin matar da ke tankaɗe ƙasa a gonar Gazawa da Baturen da ke kurɓar abin sanyi a Balansiya akwai hannu biyar ko shida, kowane hannu kuwa sai ya lashi rabonsa. Da ma a ce mai saye na can zai san da shi, ai da an rage hannu biyu, shi ya samu, manoman da ke kawo masa kaya su ma su samu.

Yana da ɗan ƙanwa wanda ya gama karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, bai sami aiki ba tukuna, yana riƙe masa littafin lissafi. Shi ne ya ba shi shawarar a buɗe shafin intanet. Aka ɗauki hotunan sito da buhuna, aka rubuta bayani da Faransanci da Hausa, aka sa lambar waya, aka biya kuɗin shekara. Alhaji ya dubi sunansa a fuskar kwamfuta ya yi murmushi, a ransa yana ganin kamar ya buɗe rumfa a tsakiyar kasuwar duniya.

Wata huɗu suka wuce, ko ɓatan kai ba wanda ya yi ya kira. Wata rana bayan la'asar Alhaji ya sa yaron ya zauna kusa da shi a kan tabarma, ya ce a nemi shafin kamar yadda baƙo zai neme shi. Yaro ya rubuta kalmomin aya da Nijar da Faransanci a cikin Google. Aka duba jeri na farko, babu. Na biyu, babu. Har aka kai na goma ba a ga ko ƙurarsa ba. Abin da ya cika wurin shi ne kamfanonin Turai, da rahotannin ƙungiyoyi, da dillalan da ba su taɓa taka gonar aya ba. Da aka rubuta sunan garin da rubutun Hausa sai ga wata Gazawa ta arewacin Kamaru, kusa da Marwa, sai kuma labarai iri-iri a kan gazawar wane da wane, domin injin bai bambanta sunan gari da kalmar kasawa ba. Da aka rubuta shi yadda Faransawa suka rubuta, sai taswira, da hasashen yanayi, da ɗan taƙaitaccen bayani, sa'an nan rahotannin masu ba da agaji a kan ƙarancin abinci da tamowar yara.

Alhaji ya yi shiru, can ya ce, “Yaro, kuɗina fa? Ko ba a sa mu cikin littafin ba ne?”

Yaron ya ce, “Kawu, an sa mu. Sai dai kun san shi injin nan ba ya tambayar mutum ko shi wane ne. Mutane yake tambaya. Mu kuwa har yau ba wanda ya nuna mu.”

Abin da yaron ke nufi yana bukatar bayani, domin shi ne gindin maganar. A kowane shafin intanet akan ga wata kalma ko jimla, galibi mai launin shuɗi, wadda in aka taɓa ta sai ta kai mutum wani shafi dabam. Ita ake kira mahaɗi. Injin bincike yana da wata manhaja da ke yawo dare da rana tana bin waɗannan mahaɗai daga shafi zuwa shafi, kamar ma'aikacin ƙidaya da ke bin turba daga ƙauye zuwa ƙauye. Shafin da hanyoyi da yawa suka nufo shi, kullum ana leƙa shi. Wanda ba turbar da ta shiga gare shi kuwa, tamkar tunga ce a tsakiyar daji: tana nan, da mutanenta da rumbunanta, amma sai wanda aka yi wa kwatance zai same ta.

Injinan farko, irin su AltaVista da ya fito a ƙarshen 1995, sun fi dogara ga abin da shafi ya faɗa a kan kansa. In kalmar da ake nema ta yawaita a cikinsa, sai ya hau sama. Nan da nan masu wayo suka gane, suka riƙa maimaita kalma ɗaya sau ɗaruruwa, wani lokaci da farin rubutu a kan farin fili yadda idon mutum ba ya gani amma injin yana ƙirgawa. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan tun da daɗewa da suka ce yabon kai jahilci.

A 1996 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka ɗauko wata dabara daga duniyar masana. Tun 1964 wani mai suna Eugene Garfield ya fara buga kundin da ke nuna sau nawa masu bincike suka ambaci aikin wani a cikin nasu, har aka riƙa auna darajar aiki da yawan masu ambatonsa. Ɗaliban nan suka ce ai mahaɗi ma ambato ne: duk wanda ya sa hanyar zuwa shafinka a nasa shafin, ya shaide ka ke nan. Suka gwada a kan shafuka miliyan 24, suka bayyana sakamakon a 1998, a watan Satumba na shekarar kuma suka kafa kamfanin Google. Dabarar ita ce aka sani da PageRank.

Ba ƙidayar kawuna kawai dabarar ke yi ba, tana auna nauyin kowane mai shaida. Shafin da shi kansa manya suka nuna, nuninsa ya fi na wanda ba a san shi ba. Haka kuma kowane shafi yana raba nauyinsa ne tsakanin waɗanda ya nuna: in yana da nauyin goma ya nuna biyu, kowa ya sami kusan biyar, in ya nuna ɗari, kowa sai ɗan ɓarɓashi. Masu dabarar sun kwatanta ta da mutumin da ke yawo a intanet ba da wata manufa ba, wanda sau 85 cikin 100 yake bin mahaɗin da ke gabansa, sau 15 kuwa ya gaji ya yi tsalle zuwa wani wuri can dabam. Shafin da irin wannan ɗan yawo ya fi yawan faɗawa cikinsa, shi ne mai daraja. Bayan wannan, kalmomin da aka rubuta a jikin mahaɗin su ma ana lissafa su a matsayin sunan da jama'a suka raɗa wa shafin. Ƙarfin wannan ya bayyana a 2003, lokacin da ƴan adawa a Amurka suka haɗa baki suna nuna tarihin shugaba George Bush da kalmomi biyu na Ingilishi masu ma'anar mummunar gazawa, har ya zamana duk wanda ya nemi kalmomin shafin shugaban ne ke fara fitowa. Sai a watan Janairu na 2007 Google ya toshe wannan kafa.

Yaron bai kawo duk waɗannan sunaye da shekaru ba, amma ya faɗi gundarin, Alhaji kuwa bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce, “Tsaya. Wannan ai lamuni ne.” Ya tuna shekarar da ya fara shiga Maraɗi da ƴan kuɗin da ba su isa cika rabin mota ba. Ya je ƙofar wani babban attajiri neman kaya bashi, ya yi kwana uku yana gaisuwa ba wanda ya dube shi, ko da yake ya rantse ya kuma rantse cewa shi mai amana ne. A rana ta huɗu ubangidansa na Gazawa ya zo, ya yi maganar da ba ta wuce kalma biyu ba, ya ce yarona ne. Kafin azahar an loda masa kaya. Da a ce ƴan dako goma ne suka faɗi haka, da ba a ba shi ko buhu ɗaya ba. Da a ce kuma ubangidan nan mutum ne mai tsaya wa kowa da kowa, da maganarsa ba ta yi wannan nauyi ba. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, wanda ya buga littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa ƙarfin attajiran birnin ya tsaya ne a kan barori da abokan hulɗa da suka tara, abin da su da kansu ke kira arzikin mutane. Ashe abin da ɗaliban Amurka suka sa cikin lissafi, kasuwar Maraɗi ta daɗe tana aiki da shi.

Gane abu dabam, haƙurin binsa dabam. Ba a yi sati biyu ba sai ga saƙo ya shigo daga wani wanda ba su sani ba, yana cewa shi gwani ne, zai samar wa shafin mahaɗi dubu cikin wata ɗaya a kan jika 150. Yaro ya ce, “Kawu, ku yi haƙuri, wannan ba hanya ba ce.” Alhaji ya ce ai ko a kasuwa ana biyan dillali la'ada, ya aika da kuɗin. Mutumin bai gudu ba, ya cika alkawarinsa, ya turo dogon jerin wuraren da ya liƙa sunan. Da yaron ya bi su ɗaya bayan ɗaya sai ya tarar da shafukan caca, da na tallan magungunan bogi, da waɗansu cikin harsunan da ba wanda ya san kansu, kowane ɗauke da ɗaruruwan sunaye an jera kamar kayan gwanjo. Matsayin shafin kuwa ko gezau. Abin da ya fi ƙona wa Alhaji rai bai tsaya ga kuɗin ba. Mutumin da bai taɓa zama inda ake caca ba, yau ga sunansa da na mahaifinsa a bangon gidan caca.

Ba shi ne farkon wanda ya faɗa wannan rami ba, kuma waɗanda suka riga shi sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. A watan Fabrairu na 2011 jaridar New York Times ta tona yadda dubban mahaɗai na haya suka ɗora babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, a sahun gaba na kusan duk abin da yake sayarwa. Kantin ya ce bai san da aikin ba, amma Google ya tura shi can baya na kimanin wata uku. A watan Afrilu na 2012 Google ya fito da wani tsari mai suna Penguin don farautar irin waɗannan mahaɗai, daga 2016 kuma ya koma yawanci yana watsar da su kawai, kamar ba a yi su ba. Tun 2005 ma akwai wata alama da mai shafi kan liƙa wa mahaɗi don ya ce, na ambaci wannan amma ban tsaya masa ba. Da ita Wikipedia ke aiki tun 2007, kuma ana bukatar a yi wa duk mahaɗin da aka biya kuɗi dominsa irin wannan alama. Dillali na gaskiya yana haɗa mai saye da mai sayarwa, kowa ya san la'adarsa. Abin da Alhaji ya saya sunansa shaidar zur, alƙalin da ya san aikinsa kuwa ba ya ƙirga ta.

Yana da aboki, tsohon mushen lakwal da ya yi aiki a ƙauyukan Agiye kafin ya huta, wanda kowace yamma sukan zauna tare. Da Alhaji ya ba shi labari, Mushe bai yi masa dariya ba. Ya ce, “Alhaji, ka san Ɗan Saga?” Alhaji ya ce wa bai san Ɗan Saga ba, ƙauye ne a ƙasar Agiye. Mushe ya ce a sa yaro ya nemi sunan. Aka nema, sai ga shi a rubuce-rubucen masana da na manyan hukumomin duniya, da Faransanci da Ingilishi. Mutanen ƙauyen ba su biya kowa ko dala ba. Abin da suka yi shi ne sun daina sare tohon itatuwa a gonakinsu lokacin sassabe, suna zaɓen masu ƙarfi suna renonsu, suka kuma kafa kwamitin tsaron itatuwan. Wannan dabara, wadda wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi a 1983, kuma asusun FIDA ya tallafa mata a ƙasar Agiye, ita ce masu bincike suka ƙiyasta ta mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada wajen miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya zo ya gani ya rubuta, wanda ya karanta ya ambata, ambato ya haifi ambato.

Mushe ya ƙara da cewa haka ma labarin yunwa ya sami nasa matsayin. A 2005, da matsalar abinci ta tsananta, ƴan jaridun duniya da ƙungiyoyin agaji sun cika Maraɗi. Shafukansu masu nauyi ne, suna kuma nuna juna, shi ya sa har bayan shekaru masu yawa abin da suka rubuta ke tarbar baƙon da ya nemi sunan yankin. Ba ƙarya suka yi ba, an yi yunwar. Amma ƙasar da ke fid da aya da wake da gyaɗa da gero tana da wata fuskar, wadda masu ita ba su rubuta ba, in ma sun rubuta ba su nuna juna ba. Cinikin Gazawa da Agiye da Gidan Rumji kusan duk a baki ake yinsa, ko a saƙon murya na WhatsApp, inda manhajar injin bincike ba ta shiga. Amanar da aka gina shekara da shekaru tana nan daram a zukatan mutane, amma a idon injin babu ita.

Dole a faɗi gaskiya, wannan ma'auni ba adali ba ne ɗari bisa ɗari. Wanda ke sama shi ake gani, wanda ake gani shi ake nunawa, wanda ake nunawa shi ke ƙara hawa. Shafukan Hausa kaɗan ne in an gwada da na Faransanci ko Ingilishi, saboda haka masu iya tsaya wa ɗan Gazawa su ma ba su da nauyi sosai. Kuma mahaɗi ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba: a 2016 wani jami'in Google ya lissafa shi cikin abubuwa uku mafi muhimmanci tare da ingancin abin da aka rubuta, daga baya kamfanin ya ce nauyinsa ya ragu. Duk da haka shafin da ba wanda ya taɓa nunawa yana farawa ne daga bayan layi.

A nan ne maganar ta shafi ma'aikata. Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Agiye. Ofishin magajin gari, da ma'aikatar noma, da majalisar ƴan kasuwa, da jami'a, da gidan rediyo, duk wanda ke da shafi a cikinsu yana riƙe da irin kalmar nan da ubangidan Alhaji ya furta a Maraɗi. Layi ɗaya a shafin hukuma, mai nuna ƙungiyar manoma ko falken da aka tabbatar da gaskiyarsa, ya fi mahaɗi dubu na haya. Amma sharaɗin ɗaya ne da na kasuwa. Ran da ma'aikaci ya fara sayar da wannan layi, ko ya keɓe shi ga ƴan uwa da ƴan jam'iyya, ya zubar da nauyin ofishinsa, kuma ba kansa kaɗai ya cuta ba, har da duk mutumin kirkin da ofishin zai nuna nan gaba.

Alhaji ya kwana biyu yana juya maganar Mushe. Ran na uku ya ce wa yaron ya cire duk kirarin da aka yi masa a shafin, ya ɗauko alƙalami. Ya shiga faɗa masa abin da ya sani wanda ba kowa ya sani ba: yadda ake bambanta babbar aya da ƙarama, yadda ake gane wadda ta bushe sosai da wadda za ta yi fumfuna a buhu, yadda ake raba ta da tsakuwa, watan da take araha da watan da take tsada. Kowace ranar kasuwa kuma yaron ya riƙa rubuta farashin tiya da na buhu, ko ya hau ko ya sauka, ba ƙari ba ragi. Sa'an nan Alhaji ya sa babbar riga ya shiga zagaye, domin zumunta a ƙafa take. Ya je wurin ƙungiyar matan da ke tankaɗe masa aya, ya sa aka rubuta labarinsu da izininsu. Ya je wurin wani abokin sana'arsa na Caduwa wanda shi ma ɗansa ya buɗe masa shafi, ya sa aka nuna shi, ko da yake kishiyarsa ne a kasuwa.

Abin bai zo da gaggawa ba. Sai da damina ta wuce kafin wani ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu ya ɗauki jerin farashin ya ambaci inda ya samo shi. Bayansa wata ƙungiyar manoma ta sa mahaɗin a shafinta, sai wani ɗan jarida mai rubutu a kan tsadar kaya. Uku ke nan, ba dubu ba. Shafin bai kai sahun farko ba, kamfanonin Turai suna nan inda suke, amma wanda ya nemi farashin aya a Maraɗi ya fara cin karo da shi.

Wata safiya wayar ta yi ƙara da lambar wata ƙasa. Mai maganar, da Faransancinsa mai nauyi, ya ce yana son a aiko masa da samfurin kilo biyu ya gani, bai yi alkawarin komai ba. Yaron ya fassara, hannunsa yana rawa. Alhaji bai tambayi nawa zai saya ba, bai tambayi nawa zai biya ba. Ya gyara zama ya ce, “Tambaye shi, wa ya nuna masa mu?”